Mutum Nawa Jirgi Zai Ɗauka, Mutum Nawa Tsibiri Zai Jure?

 Yau za mu yi nisa da gida, mu nufi kudancin ƙasar Tailan, bakin tekun Andaman, inda kowace safiya jiragen ruwa masu ɗimbin yawa ke tashi daga Phuket da Krabi ɗauke da masu yawon buɗe ido zuwa ƙananan tsibirai. A yi iyo, a leƙa ƙarƙashin ruwa a ga kifaye da duwatsun murjani, a ci abincin rana a bakin yashi, a dawo kafin magariba. Irin wannan fita ta yini guda ta zama ruwan dare a duk inda ake da teku mai ɗumi, daga Zanzibar zuwa Hurghada ta Masar, kuma 'yan'uwanmu da ke fita karatu ko fatauci ko hutu suna cin karo da tallarta a ƙofar kowane otal. Masu tallar sukan kasa hajar gida biyu. Ga babban jirgi mai kwasar mutum hamsin ko ɗari da araha, ga kuma ƙarami na mutum goma ko goma sha biyu da ɗan tsada. Yawancin mutane suna ɗauka bambancin bai wuce na sakewa ba, wato mai kuɗi ya sayi fili ya miƙe ƙafa. Ni kuwa abin da nake so in tabbatar muku shi ne, yawan mutane shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. A kansa ran wanda ke kwance a saman ruwa ya rataya, a kansa kuma rayuwar halittun da ke ƙasan ruwan ta rataya. Zan kuma nuna cewa rage mutanen cikin jirgi kaɗai bai isa ba, sai an yanka wa wurin da ake zuwa nasa iyakar.

Mu fara da abin da ke faruwa idan jirgi ya tsaya. Matuƙi ya kashe inji a wurin da zurfinsa bai fi mita uku ko huɗu ba, ruwa garau har ana hango yashin ƙasa. A miƙa wa kowa tabarau mai bakin roba da ke rufe ido da hanci, da wani lanƙwasasshen bututu da ake cije bakinsa da haƙora, ɗaya bakin ya leƙo sama ta bayan kunne. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan ruwa, fuskarsa a nutse, yana numfashi ta baki kawai. Ga wanda bai saba ba, mintunan farko fama ne. Gilashi ya yi hazo, ruwan gishiri ya sulalo ta gefen gashin baki, wata 'yar igiyar ruwa ta watso cikin bututu, mutum ya ƙware, ya ɗago kai a firgice yana laluben inda zai taka. To, yanzu ku koma ku tsaya inda jagoran tafiya yake tsaye a kan jirgi, ku dubi abin da idonsa. Ba ya ganin fuskar kowa. Gadon baya yake gani da kawunan bututu suna reto. Wanda ya shagala da kallon kifi da wanda ya suma, kwanciyarsu iri ɗaya ce.

Akwai wani kuskure da fina-finai suka dasa mana, cewa mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. Wani Ba'amurke mai binciken aikin ceto a ruwa, Francesco Pia, wanda ya ɗauki hotunan bidiyon mutane suna nutsewa ana ceto su a wani bakin teku na birnin New York, ya nuna cewa wanda ruwa ya fara ci da gaske ba ya iya kiran kowa, domin ɗan numfashin da yake samu bai kai na magana ba, hannuwansa kuma suna danna ruwa ƙasa ne ba da saninsa ba. Tsakanin daƙiƙa 20 zuwa 60 ake yin wannan fafutuka kafin ya nutse. Mai bututu a baki ma ya fi haka shiru. A jihar Hawayi ta Amurka, wannan leƙen ƙarƙashin ruwa shi ne kan gaba wajen halaka baƙi a teku, kuma binciken da aka gudanar a can ya gano cewa da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su ba ruwa suka fara shaƙa ba. Wahalar jan iska ta bututu ce ke sa ruwan jiki ya taru a huhu, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙarfi ya ƙare, hankali ya gushe, duk ba tare da wani motsi da zai ja ido ba. Masu binciken sun ambaci ciwon zuciya a cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, sun kuma yi zargin cewa shiga ruwa jim kaɗan bayan doguwar tafiyar jirgin sama na da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021. Kaɗan ne daga cikinsu masu yawon shaƙatawa, amma yadda ruwa ke ɗaukar rai a asirce ɗaya ne ko'ina.

Idan kuwa minti guda ne tsakanin rai da mutuwa, kuma babu ihu, to abin da ya rage shi ne ido, ido kuma yana da iyaka. Jagoran da ke da mutum takwas a ruwa zai iya bin su da kallo ya ƙirga su cikin 'yan daƙiƙu, ya sake, ya kuma sake. Ya san cewa dattijon nan ya ce masa yana shan maganin hawan jini, ya san yarinyar can yau ta fara shiga teku. Idan ɗaya ya daina kaɗa ƙafa zai lura. Ba shi mutum arba'in, warwatse a fili mai faɗi, sun cakuɗa da fasinjojin wasu jirage biyar, kowa sanye da rigar kariya mai launi ɗaya, sai ku ga kafin ya kai ƙarshen ƙirga na farkon ya bar inda yake. Wannan ba zargin jagora da sakaci ba ne. Aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuskuren ƙirga kuwa ya taɓa cin rai a zahiri. A watan Janairun 1998, a babban shingen murjani na gaɓar Kwinslan a Ostareliya, wani jirgin yawon yini ya juya gida ya bar wasu ma'aurata 'yan Amurka a tsakiyar teku, domin an ƙirga kawuna an ɗauka kowa ya hau. Sai bayan kwana biyu aka ankara, da aka ga jakarsu a cikin jirgi. Ba a sake ganinsu ba. Bayan nan ne hukumomin jihar suka tsananta dokar ƙirga fasinja kafin a tashi daga kowane zango.

Na san mai sauraro da ya san ruwa zai ce, malam, ai idan hadari ya taso gara a same ka a babban jirgi, ƙarami ne igiya ke kifarwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan musa cewa babban jirgi ya fi jure igiya ba. Amma girman jirgi bai taɓa zama lamuni ba. Ranar 5 ga Yulin 2018, a daidai kwanakin da duniya ta zuba ido kan yaran nan 'yan ƙwallo da suka maƙale a kogo a arewacin Tailan, wani jirgin yawon yini mai suna Phoenix, mai hawa-hawa, ɗauke da mutum fiye da ɗari, ya kife a hanyarsa ta komawa Phuket daga wajen tsibirin Racha. Mutum 47 suka mutu, dukkansu baƙi daga ƙasar Sin, da yawa kuma a cikin jirgin aka tarar da gawarwakinsu, ba su sami hanyar fita ba. An yi gargaɗin iska da igiya kafin ranar, lokacin kuma damina ce a tekun Andaman, wadda ke kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan shi ne, abin dubawa ba tsawon jirgi ba ne. Mutum nawa aka zuba a ciki idan aka gwada da ƙarfinsa, ma'aikaci nawa ke kula da fasinja nawa, cikin minti nawa kowa zai iya sa rigar kariya ya kai bakin fita, wa kuma ke da ikon cewa yau ba za a tashi ba? Soke tafiyar mutum ɗari da motocin da suka kwaso su daga otal-otal da abincin da aka riga aka dafa asara ce mai nauyi, kuma nauyin asara shi ke danne muryar matuƙin da ya dubi sama bai gamsu ba. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ƙin tashin ya fi sauƙi idan kuɗin mutum takwas za a mayar.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a kunnenmu, mun biya shi da tsada a kogunanmu. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warrah a jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Kwara, 'yan kaɗan suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, kwale-kwale ya kife da mutane, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi, 'yan biki fiye da ɗari suka rasu suna komawa gida da dare. Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗannan bayin Allah ba shaƙatawa ta kai su ruwa ba, larura ce, kuma ban haɗa halinsu da na mai hutu ba. Amma abubuwan da ake ambata bayan kowane irin wannan haɗari ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, babu rigar kariya, babu wanda ya san takamaiman mutum nawa suka hau. Wanda zai ce ai kwana ne idan ya ƙare, gaskiya ya faɗa, ajali na hannun Ubangiji. Sai dai malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne watsi da sababi ba.

Yanzu mu nutsa mu dubi ɗaya ɓangaren, abin da aka biya kuɗi aka zo gani. Mu a ƙasar Hausa mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, jan dutsen ado wanda asalinsa daga tekun Bahar Rum ake ciro shi. Wanda ake leƙe a Tailan danginsa ne, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, halitta ce mai rai. Wasu mitsi-mitsin dabbobi ne, dubbai a manne da juna, kowace tana gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa, sabbi su ɗora a kan na tsofaffi, har a wayi gari an sami tudu a ƙarƙashin teku. A cikin naman jikinsu akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani, shi ke amfani da hasken rana ya samar musu da mafi yawan abincinsu, shi ne kuma ke ba su launi. Shi ya sa murjani ke son ruwa mara zurfi, mai haske, wato daidai inda ƙafar mutum ke kaiwa. Waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su. Girmansu kuwa sai a hankali. Mai rassa, wanda ya fi sauri, yakan ƙaru da kamar santimita goma a shekara, dunƙulallen kuwa da ƙyar yake yin santimita ɗaya ko biyu. Ku tuna da mutumin nan da ya ƙware ya ɗago kai yana neman wurin takawa. Idan ya sami tudun murjani ya tsaya a kai don ya gyara tabarau, reshen da ya karye a ƙarƙashin ƙafarsa ginin shekara uku ne ko fiye. Bai yi da mugunta ba, bai ma san ya yi ba. Ku ƙara da ƙarfen anka da ake jefawa ya ja ƙasa, da farfelar inji da ke tayar da yashi ya dawo ya lulluɓe murjanin ya tare masa haske, sannan ku ninka wannan sau dubbai a kowace rana ta Allah.

Ba sai mun yi hasashe ba, domin an yi, an gani. A tsibirin Phi Phi Leh, tafiyar kamar awa guda daga Phuket a jirgi mai gudu, akwai wani lungun teku da ake kira Maya. Duwatsu masu tsayin kusan mita ɗari sun kewaye shi ta gefe uku, bakin yashinsa kuma bai fi mita 250 ba. A shekarar 2000 aka fitar da fim ɗin The Beach na Leonardo DiCaprio wanda aka ɗauka a wurin, daga nan duniya ta yo ca. Kafin 2018 ana ƙiyasta baƙi sun kai 5,000 a rana, a jirage kusan 200, jere a bakin yashi hanci da hanci, har mai son ɗaukar hoto sai ya yi layi. Masana, ciki har da Thon Thamrongnawasawat na jami'ar Kasetsart wanda ya daɗe yana kiran a rufe wurin, sun bayyana cewa mafi yawan murjanin lungun ya lalace. Ranar 1 ga Yunin 2018 hukumar gandun daji ta ƙasar ta rufe Maya, da niyyar wata huɗu. Da wa'adin ya cika aka ga ɓarnar ta fi gaban haka, aka tsawaita, annobar korona kuma ta zo ta ƙara. Sai Janairun 2022 aka buɗe. A tsakanin nan ma'aikata sun dasa dubban gutsattsarin murjani, kuma wani abu ya faru wanda ba hannun mutum ya yi ba: ƙananan kifayen shak masu baƙin tabo a fiffike suka dawo lungun suna haihuwa a ruwa mara zurfi, har aka riƙa ƙirga fiye da ɗari. Da aka buɗe, da sharaɗi aka buɗe. Jirgi ba ya shiga lungun, a bayan tsibiri yake ajiye mutane su tako ta kan gadar katako. An ƙayyade mutum 375 a lokaci guda, kowane rukuni awa ɗaya. An hana iyo a cikin lungun. Kowace shekara kuma ana sake rufe shi a watannin Agusta da Satumba. Duk da wannan, masu sa ido sun ba da rahoton cewa yawan kifayen shak ɗin ya ragu bayan dawowar mutane, abin da ke nuna yadda wurin ke jin nauyin kowace ƙafa.

A nan ne suka mafi ƙarfi ke fitowa, kuma dole in tsaya in amsa ta da gaskiya. Mai suka zai ce, jiragen nan 200 da suka kashe Maya, ai da yawansu ƙanana ne. Idan ka raba mutum ɗari gida goma, ka sami inji goma a maimakon ɗaya, anka goma, hayaƙi da ƙara da man da ke tsiyaya sau goma. Ashe ƙaramar tawaga da kake yabo ita ce ma ta fi ɓarna. Lissafinsa daidai ne, kuma wannan shi ya sa na ce tun farko rage mutanen cikin jirgi bai isa ba. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan: fadama tana da iyakar shanun da za ta ciyar, kuma ba ruwanta da ko garke ɗaya ne babba ko ƙananan garke ashirin, idan kofato ya yi yawa ciyawa ba za ta sake tsirowa ba. Saboda haka iyaka biyu ake bukata, kowace da aikinta. Iyakar wuri aikin hukuma ce, ita ke faɗin mutum nawa da jirgi nawa za su shiga a rana, ita ke kafa tulunan ɗaure jirgi masu yawo a kan ruwa don kada a jefa anka, ita ke rufe wuri idan ya gaji. Tailan tana rufe tsibiran Similan kowace shekara daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, ta kuma rufe tsibirin Tachai tun 2016. Filifin ma ta rufe tsibirin Boracay wata shida a 2018. Iyakar jirgi kuwa ita ke tabbatar da cewa waɗanda aka bari suka shiga suna da mai kula da su. Dokar da ta ce kada a taka murjani takarda ce kawai idan babu wanda ke kusa da zai miƙa wa mai firgita tayar ceto kafin ya taka. Jagora mai mutum takwas zai iya zaunar da su kafin a shiga ruwa ya gwada wa kowa tabarau, ya nuna musu yadda ake hure ruwa daga bututu, ya shiga tare da su. Mai mutum arba'in lasifika kawai yake da ita.

Sai suka ta biyu, ta kuɗi da abinci. Idan aka taƙaita, farashi zai hau, teku ta zama ta masu hali, masu jirage kuma su rasa na cefane. Wannan damuwa ce ta halal, kuma rufe Maya ya taɓa aljihun mutane da yawa. Amma mu duba su wane ne masu ƙananan jiragen. Kwale-kwalen gargajiya na wannan yanki na katako ne, da injin mota ɗaure a baya a kan wani dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe, matuƙi na tsaye yana juya injin gaba ɗaya da hannu. Ba ya ɗaukar mutane da yawa tun asali. Masu shi galibi 'ya'yan masunta ne na tsibiran, da yawansu ma Musulmi ne, domin Phi Phi da Krabi suna da al'ummar Musulmi mai yawa. Manyan jirage kuwa sai mai jari. Don haka tsarin ƙananan tawaga ba lallai ya cuci ɗan gari ba, abin da zai cuce shi ko ya amfane shi shi ne wa aka ba izinin shiga idan an taƙaita. Idan hukuma ta ware wa masu kwale-kwale kasonsu, iyakar ta zama kariya gare su daga mai jarin da zai iya karya farashi ya kwashe kasuwa. Batun mai ƙaramin ƙarfi kuma, taƙaitawa ba dole ta zama gwanjo ba. Ana iya raba shiga da lokaci, wanda ya riga yin rajista ya riga shiga. Tailan ma ta bambanta kuɗin shiga gandun Phi Phi, baƙo babba na biyan bat 400 a kuɗin ƙasar, ɗan ƙasa bat 40. Sannan a tambayi mai jirgin da ke tsoron iyaka: idan murjanin ya mutu, kifin ya watse, me zai nuna wa baƙo shekara goma masu zuwa?

Akwai kuma masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda ɗumamar teku ce ke kashe murjani, ba ƙafar baƙo ba. Gaskiya ne ɗumama ita ce babbar barazana. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da shi da maki ɗaya kacal na wasu makonni, murjani yakan kori ɗan tsiron nan da ke ciyar da shi, ya koma fari fat, idan zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. Tekun Andaman ta ga haka sosai a 2010, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan farin ciwo a manyan tekuna. Amma murjanin da ya yi fari bai riga ya mutu ba, yana iya farfaɗowa idan ruwa ya huce, kuma farfaɗowarsa ta dogara da abubuwan da ke hannun mutanen wurin: ruwa mai tsabta, rashin karaya, da kifayen da ke kiwon gansakukar da ke son rufe shi. Wannan ne ma dalilin hana jefa wa kifi burodi, abin da wasu jagorori ke yi don kifi ya taru a ɗauki hoto. Kifin da ya saba da burodi yakan rage kiwon gansakuka. Tailan ta ɗauki abin da zafi, har a 2017 aka kama wata baƙuwa a tsibirin Racha saboda ciyar da kifi. Mai jirgi a Krabi ba shi da iko a kan zafin teku, amma yana da iko a kan ankarsa da burodinsa da ƙafafun fasinjansa, kuma jikin da zazzaɓi ya kama shi ya fi bukatar a daina dukansa.

Game da man kare fata daga rana, a taƙaice, tun Agustan 2021 Tailan ta haramta shiga gandunan tekunta da mai ɗauke da wasu sinadarai huɗu da ake zargi da cutar da murjani, tarar kuma tana iya kaiwa bat 100,000. Mafita mafi sauƙi ita ce tufafin iyo masu rufe jiki, dogon hannu da dogon wando, waɗanda ke tare rana ba tare da an shafa komai ba. Ga 'yan'uwa mata da ke jin nauyin shiga ruwa saboda sutura, ku sani irin wannan shiga ita masana teku da kansu ke ba da shawara.

To, wanda Allah Ya kai shi irin wannan wuri, kafin ya miƙa kuɗinsa ya tambayi mai tallar mutum nawa za su hau, kuma ma'aikaci nawa ne za su shiga ruwa tare da su, domin wanda ke zaune a kan jirgi yana danna waya ba mai gadi ba ne. Ya tambaya ko akwai rigar kariya daidai jikin kowa, har da ta yara, ya kuma sa tasa ya ɗaure tun kafin jirgi ya tashi. Ya lura ko ana kiran suna ne daga takarda a kowane zango ko kawuna ake ƙirgawa da yatsa. Ya tambaya ko anka suke jefawa ko a tulu suke ɗaurewa. Idan ya ga sama ta haɗe kuma masu kwale-kwalen gari sun ja nasu sun ɗaure, ya haƙura da kuɗin. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ya nemi shawarar likita tukuna, wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgin sama kuma ya huta kwana biyu ko uku. Idan kana cikin ruwa ka ji numfashi na yi maka wuya ko ƙarfinka na zubewa, cire bututun nan take, juya rigingine, ɗaga hannu, ka koma jirgi. Mafi yawanmu mun tashi nesa da teku, da yawa ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko rafi ya koya, inda babu igiya babu jan ruwa. Faɗa wa jagora haka ƙarara tun a bakin gaɓa, a gaban kowa, don ya san wanda zai ajiye kusa da shi.